Saƙo Arba'in da Bakwai

Na ga ƙorafinku, masu karatu. Wata har tambaya ta yi ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba, shi ya sa na ɓace kwana shida. 'Yar'uwa, ina ma. Ku gyara zama ku ji yadda layi biyu da na rubuta da hannuna suka sa uwar da ta haife ni ta kalli cikina kafin ta kalli fuskata.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni mai rubuta manhajar kwamfuta ce. Mu huɗu ne a ofis, a saman wani shagon tayoyi, kuma ni kaɗai ce mace. Teburina na lungu ne, kusa da firintar da ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. In lokacin abinci ya yi, mazan su sauka ƙasa su yi ta musun ƙwallo, ni in buɗe 'yar kulata in ci ina kallon bango. Shekarata ashirin da tara. Ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, sun bar ni da katifa uku a ɗaki ɗaya, da Mama mai ƙirga min shekaru kamar ni ban iya ƙirga ba. Sai Ticha, malamin lissafi a sakandare, wata takwas ke nan yana zuwa wajena. Manyansa sun ce ƙarshen watan nan za su zo su ga Baba. Tun ranar da aka faɗi haka Mama ta daina ce min "ke", na koma "'yar albarka".

Wata biyu da suka wuce wani asibitin mata ya ba mu aiki. Suna son manhajar da za ta riƙa tura wa masu juna biyu saƙo ana gobe ranar awonsu. Ni Oga ya ɗora wa. Sau biyu na je asibitin da kaina ina haɗa musu, ku riƙe wannan a ranku.

Ranar da na fara aikin, a can saman manhajar na ajiye suna ɗaya da lamba ɗaya na gwaji, don in ga ko saƙo zai fita. Sunan nawa na sa, cikakke har da na Baba. Lambar kuwa, wayata tana wajen mai gyara a ranar, sai na buga wadda na haddace. Ta Ticha. Kalma ɗaya na tura masa, "gwaji". Da ya zo da yamma ya ce, "Injiniya, na ci jarabawar ko sai na sake?" Muka yi dariya, na manta da zancen.

Wata biyu manhajar tana aiki lafiya lau, ba wanda ya yi kuka. Aikin duka a dunƙule yake cikin sashe ɗaya mai tsawo: ya ɗauko sunan mace da lambarta daga jerin asibiti, ya tura mata, ya wuce ta gaba. Ranar Alhamis da yamma iyayi ya motsa min, na ga abin bai yi kyau a ido ba. Na raba shi gida biyu, mai ɗaukowa daban, mai turawa daban. Na gwada ba tare da na bar saƙo ya fita ba, allo ya nuna min arba'in da bakwai a shirye. Adadi na duba, ban duba sunaye ba. Na rufe kwamfuta ina jin kaina, har da siyan alawa a hanya.

Ƙarfe takwas na safe saƙonni ke fita da kansu. Ranar Juma'a, goma da rabi, Mama ta kira.

"Duk abin da kike ki ajiye ki zo gida."

"Mama, lafiya?"

"Ke za a tambaya." Ta kashe.

Na same su a falo, ita da Goggo, yayar Baba. Goggo ko mayafi ba ta cire ba, alamar da gudu ta zo. Ni kuwa doguwar rigata ruwan toka ce a jikina, wadda nake sawa saboda faɗinta don zaman kujera. Na lura idon Mama a tsakiyar rigar ya sauka, ya daɗe a nan, sannan ya hauro.

Goggo ta miƙo min wayarta. "Karanta, tunda ke ce mai boko."

Hoton allon waya ne. Sunana a farko, cikakke, sannan: "muna tunatar da ke gobe Asabar ne ranar awon cikinki. Ki zo da katinki ƙarfe tara." Ƙarƙashinsa wani irinsa. Ƙarƙashinsa wani. Ashe Ticha ya manta wayarsa a caji a ɗakin mahaifiyarsa ya tafi makaranta, ta yi ta ƙara ba tsayawa, yayarsa ta ɗauka. Yayar nan kuwa maƙwabciyar Goggo ce, kuma tun farko ba ta yi na'am da ni ba, wai macen da ke wuni cikin maza a saman shago ba ta yi wa ƙaninta ba.

Masu karatu, kun san me na yi? Dariya. Wallahi kufce min ta yi, don a take na hango inda na yi ɓarnar.

"Dariya ma kike?" in ji Goggo. "An gan ki sau biyu kina fitowa daga asibitin nan. Da jakarki."

"Aiki na je yi, Goggo. Mama, kuskuren kwamfuta ne."

"Kwamfuta ta san sunan ubanki?" in ji Goggo.

"Ni na rubuta mata shi."

"To ashe ke kika rubuta," Mama ta ce a hankali. Ta zauna a hannun kujera.

Na fara bayani, na ce akwai abin da ake ajiyewa a sama, akwai na cikin sashe. Mama ta ɗaga min hannu. "Kar ki rufe ni da turanci. Saura mako biyu mutane su zo gidan nan. Abin da na yi ta roƙon Allah shekara da shekaru. Ki dube ni ki ce babu komai."

"Babu komai, Mama."

Ta dube ni, ta kau da kai. Na fi son a ce mari ta kai min.

A bakin ƙofa na tura wa Ticha saƙo: "Manhajar asibitin nan ce ta yi kuskure, duk saƙonnin mata suka taho wayarka. Ka tuna ranar gwaji? Don Allah ka kira ni." Kafin na kai titi alamar ta zama shuɗiya, ashe ya dawo daga makaranta, ya karanta. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse.

A ofis na tarar da Oga da waya a kunne, shugabar nas-nas ta asibitin tana wanke shi tas. Mata arba'in da bakwai ba wadda ta samu saƙo. Na buɗe kwamfuta, minti biyu bai cika ba na gani. Sashen ɗaukowa yana ɗauko suna da lamba daidai, amma nasa na kansa yake ƙirƙira ya zuba su a ciki, da ya gama su ɓace tare da shi. Sashen turawa ya duba bai ga an ba shi komai ba, sai ya ɗaga kai sama, ya tarar da masu irin sunan suna zaune tun wata biyu: ni da Ticha. Da babu komai a saman nan, da manhajar ta tsaya ta yi ƙara. Amma ta samu abin ɗauka, ta ɗauka, sau arba'in da bakwai, ba ko tari.

Oga ya leƙo ta kafaɗata. "Ki rubuta kalmar nan global a farkon sashen ɗaukowa, ya riƙa taɓa na saman kai tsaye. Layi ɗaya ne, an gama."

"Zai yi aiki, Oga, amma ba zan yi haka ba."

"Ikon Allah. Yau kuma?"

"In na yi haka, kowane sashe da aka ƙara gobe zai iya sa hannu ya canza su, ba mu sani ba. Kuma ranar da aka sake kuskure, lambar nan tana nan a sama tana jira."

Na sa sashen ɗaukowa ya riƙa miƙa wa na turawa suna da lamba hannu da hannu, mace ɗaya bayan ɗaya. Na goge layi biyun nan na sama. Na ƙara cewa in ba a miƙo lamba ba, manhaja ta tsaya cak kar ta tura wa kowa. Tsohuwar mai ɓarnar kuma na adana kwafinta a gefe, don zuciyata ta ba ni zan buƙaci shaida.

Da mazan suka ji wayar wa saƙonnin suka tafi, har da buga tebur. "Ango ya sha soyayya yau!" Na yi musu yaƙe. Ba wanda ya tsaya ya karanta abin da saƙon ya ce da sunan da ke kansa, ni kuma ban nuna musu ba.

Asibitin suka ce ba su ƙara yarda da inji ba a ranar, a kira matan da baki. Na ja wayar ofis lunguna na fara, ɗaya bayan ɗaya, har bayan la'asar. Wata tana wanki, wata mijinta ya ɗauka ya ce zai kawo ta da kansa, wata ta ce ai mijinta ya rubuta ranar a jikin firij. Ta talatin da wani abu, mai sanyin murya, ta ce, "Na gode, 'yar'uwa, har da kira? Ke ma Allah ya nuna mana naki." Na ce amin, na kife wayar, na shiga banɗaki na kunna famfo don kar a ji ni.

Asabar ba wanda ya yi min magana a gidanmu. Mama ta ajiye min abinci a ƙofar ɗaki kamar mai jinya. Rukuninmu na waya, ni da ita da ƙannena, wanda ba ya minti goma ba a turo hoton yaro ko na atamfa ba, ya yi tsit. Sai na riƙa jin wayar Mama tana ƙara daga falo, tawa shiru, na gane sun buɗe wani ba ni a ciki. Na kwanta a katifar tsakiya ina kallon fanka. Ina buɗe shafin Ticha, in ga yana kan layi, in rufe. Ban taɓa sanin gida cike da mutane zai yi min faɗi haka ba. Kaɗaici na sha, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ko kuka ba ya rage shi.

Lahadi da safe Baba ya ƙwanƙwasa. Kafinta ne, mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. "Mamana," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ɗauko injin naki ki same ni a shago."

Ya share min gefen benci da tafin hannu, na ɗora kwamfutar tsakanin randar goge katako da kwalin ƙusa. Ya sa tabaransa mai ɗaure da zare. Na buɗe tsohon kwafin na nuna masa layi biyun sama, na nuna masa sassa biyun, na sa ta nuna sunayen a allo ba tare da ta tura ba. Sunana ya jero sau arba'in da bakwai. Na buɗe gyararriyar, sunayen mata daban-daban suka jero.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wato mai awo ya je ya auno ƙofa, ya rubuta a tafin hannunsa, ya dawo ya wanke hannu. Mai yanka ya zo bai ga takarda ba, ya duba bango ya ga tsawon ƙofar da aka rubuta bara, ya kama yanka."

"Haka ne, Baba! Wallahi haka ne!"

"Ƙofa arba'in da bakwai, duk awo ɗaya." Ya girgiza kai. "An yi asarar katako."

Na fashe da kuka ina dariya. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ba don ina shakka na ce ki nuna min ba. So nake in san abin da zan faɗa wa uwarki da yayata da bakin da za su gane." Ya cire tabaran yana gogewa da gefen riga. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya kai lambar yaron nan bango?"

Na sunkuyar da kai. "Ita kaɗai na haddace, Baba."

Ya hure garin katakon da ya hau madannan kwamfutar, ya rufe min ita a hankali.

Litinin da yamma, kwana uku cif bayan saƙona, Ticha ya rubuto: "Ina waje." Na canza riga sau uku. Na ƙare a shuɗiyar da ya taɓa cewa ta yi min kyau, mai ɗamewa a ƙugu, kuma na tsani kaina da na san dalilin da ya sa na zaɓe ta. Na fita da kwamfuta a hannu kamar mai zuwa kare kanta a kotu.

Yana kan bencin ƙofar gida, da farar rigarsa ta makaranta, alli a gefen hannun. Ya rame, ko idona ne. Muka gaisa kamar baƙi. Na buɗe tsohon kwafin na fara, "Ka ga wannan layin na sama..."

"Sashe na biyu ba ya ganin abin da na farko ya riƙe, sai ya koma kan na sama," ya ƙarasa min. "Na sani, Injiniya. Ba sai kin wahalar da kanki ba."

"Ka sani?"

"Tun ranar Juma'a. Ina dawowa daga makaranta na duba. Saƙo arba'in da bakwai iri ɗaya, cikin minti ɗaya, ai ko ɗan aji ɗaya ya san inji ne. Kuma na tuna ranar gwaji."

Na ɗage hannuna daga kan madannai. Kwana uku ina ba shi uzuri, ina cewa bai gane ba ne, ya ruɗe, kishi ne ya rufe masa ido. Da hakan ne ma da na yafe tun bai roƙa ba.

"Ka sani, ka bar ni kwana uku?"

"Ba ki san Yaya ba ne. Gidanmu ya kama da wuta. In na buɗe baki sai ta ce an shanye ni. Na ga gara in yi shiru ƙura ta lafa."

"Ta lafa a kan wa?"

Ya shafa ƙeya. "Ki saurare ni. An samu mafita. Yaya ta ce gobe ƙarfe tara za ta zo ta ɗauke ki, ku je wani asibiti da ita za ta zaɓa, a yi gwaji a gabanta. Minti goma ne. Takarda na fitowa bakin kowa ya mutu, manya su zo yadda aka tsara. Ni na yarda da ke ɗari bisa ɗari."

"Ka faɗa mata hakan? Cewa ka yarda da ni?"

Ya kalli takalminsa. "Takardar za ta faɗa mata."

Na rufe kwamfutar. Ban yi masa rashin kunya ba, na ce ya gaida gida. Ina shiga na tarar da Mama a bayan ƙofa, ashe duk ta ji. Baba ya riga ya yi mata bayanin mai awo da mai yanka, ta gane, har ta riƙe hannuna a karon farko tun Juma'a. Amma abin da ta ce shi ne, "'Yar albarka, ki je kawai. Tunda kin san kanki, me zai ragu a jikinki? Kar ki bar wannan ma ya wuce ki."

Baba yana alwala a tsakar gida. Bai ɗago ba ya ce, "Mamana ce za ta zaɓa. In ta ce za ta, ni zan raka ta. In ta ce ba za ta ba, ba mai fitar min da 'ya daga gidan nan a je a duba ta kamar katakon da ake zargin gara ta ci."

Yau Talata. Na tashi na yi wanka, na sa doguwar rigata ruwan toka, waccan dai mai faɗin. Tara saura kwata na ji hon a waje. Baba bai tafi shago ba, ya fito da kujerarsa ya dasa a bakin ƙofa, yana fiƙe fensir da wuƙa kamar ba shi da wani aiki a duniya. Mama tana ɗaki, ina jin shessheƙarta.

Na buɗe wayata na goge sunan Ticha daga jerin lambobi. Sannan na ga ai dole in ba shi amsa, sai yatsuna suka buga lambar da kansu, ba su yi kuskuren ko ɗaya ba. Na rubuta: "Kuskurena na gyara shi tun Juma'a, kuma na kira mata arba'in da bakwai na ba su haƙuri da bakina. Kai mutum ɗaya aka ce ka yi wa magana. Ba zan je ba." Na tura, na rataya jakar kwamfuta.

Na durƙusa na gaida Baba, ya ce Allah ya tsare. Yayar tana cikin mota, gilas a ƙasa, da baƙin tabarau. Ta buɗe min ƙofar baya. Na ce, "Ina kwana, Yaya," na wuce ta gefen motar na miƙe titi. Kar ku ɗauka jaruma ce ni. Ina son mutumin nan har yanzu, kuma na san wataƙila na rufe ƙofar da Mama ta yi shekaru tana roƙon a buɗe.

Ina cikin motar haya wayar ta yi ƙara a jaka, sau ɗaya. Ban ciro ta ba sai da na hau sama, na zauna a lunguna kusa da matacciyar firinta. Ƙarfe takwas na yau saƙo talatin da biyu sun fita, kowanne ya je wayar mai shi, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya na tabbatar. Mazan sun sauka shan shayi, ofis ba kowa sai ni.

Wayar tana gabana yanzu a kan tebur. Saƙo ɗaya ne, daga lambar da ba suna a kanta, kuma ba na buƙatar suna. Farkonsa kawai nake gani a allo: "Na shiga ɗakin Yaya na ce mata..."

Awa biyu ke nan ina rubuto muku wannan don kar hannuna ya kai kansa.